Inda Aku Take Zama

Likitan ƙashi ya ɗaga hoton ya kara shi da hasken taga, ya sa bakin biro ya nuna mini inda cinyar 'yata ta karye. Ko bai nuna ba na gani. Ƙashin ya rabu biyu, ɓari ɗaya ya hau kan ɗaya.

"Karayar ta yi kusa da gwiwa, daidai wurin da ƙashin yaro yake ƙara tsawo," ya ce. "Idan ɗaurewa kawai muka yi zai haɗe, amma yadda ya ga dama zai haɗe. Ƙafar tana iya fin 'yar'uwarta gajarta. Ina so in yi mata aiki in sa ƙarfe, kuma kada ya wuce Juma'a. Ƙashin yara saurin kamawa gare shi."

Ranar Litinin ce, azahar ba ta yi ba. Na sauka ofishin kuɗi da ke ƙasan bene, na tsaya a bakin tagar gilashi mai ƙaramin rami. Ma'aikacin ya rubuta adadi a guntun takarda ya turo mini. Na duba sau ɗaya na ninke. Ko gado da firij da keken ɗinkin uwata muka fitar bakin titi, ba za mu haɗa rabinsa kafin Juma'a ba.

"Ko kuma takardar lamuni daga kamfanin inshora," ya ce. "Ba hatsarin babur ba ne? In mai babur ɗin yana da inshorar da ta haɗa da fasinja, su kawo mana takarda, mu ba likita ɗakin aiki."

Yana da ita. Ni na tabbatar yana da ita, domin ni na hana shi sakat sai da ya yi.

Shekarar 'yata shida. Aku muke ce mata, saboda tun ranar da bakinta ya buɗe bai sake rufuwa ba. Wanda ke kai ta makaranta ƙanin mijina ne, mai gyaran firij da na'urar sanyaya ɗaki. Gida ɗaya muke, mu a sama, shi da mahaifiyarsu Hajiya a ƙasa. Ranar da ya sayi babur ya wuni yana yawo a tsakar gida yana kaɗa makulli a ɗan yatsa, sai na sa masa Direba, sunan kuwa ya bi shi har wurin aiki. Shi ma bai bar ni ba, Manaja yake ce mini, wai ko tsintsiya na ɗauka sai na ba ta umarni. Ina aiki a kantin magani, ƙarfe bakwai da rabi nake buɗewa, shi ya sa kai Aku makaranta ya zama nasa.

A safiyar nan wata motar kaya ta fito daga lungu ba tare da ta tsaya ba. Direba ya kauce mata, ƙafar gaba ta daki gefen kwalbati. Motar ta yi gaba abinta, ba wanda ya riƙe lambarta. Shi ya goce a kafaɗa. Aku ta karye.

Akwai abin da ya kamata in faɗa tun yanzu. Har zuwa wata takwas da suka wuce, a kujerar baya Aku take zama, tana rungume da cikinsa. Wata rana barci ya ɗauke ta a hanya, hannuwanta suka saki, sai da wata mata a mota ta yi ta ihu sannan ya ankara. Ya dawo yana ba da labarin yana dariya. Ni ban yi dariya ba. Washegari na saya mata ƙaramar hular kwano, na sauko da ita da kaina, na ɗora ta a gabansa, a kan tanki, tsakanin hannuwansa biyu.

"Manaja, doka ta ce baya fa," ya ce.

"Doka ce ta yi mini naƙudarta? Inda idonka yake ganinta, nan za ta zauna."

Ya yi gunaguni ya ja babur. Da kujerar baya ta zama ba kowa, sai ya ɗaure jan akwatin kayan aikinsa a kanta da ƙusoshi huɗu. Aku kuwa ta samu sarauta. Ita ke danna hon. Har taurarin takarda ta manna a jikin tankin, guda bakwai.

Da na hau sama daga ofishin kuɗin asibitin, na same su a barandar ɗakin yara, a kan dogon benci: mijina, Hajiya da carbinta, da Direba, hannunsa rataye a wuya, gefen fuskarsa duk a goge. Na gaya musu abin da likita ya ce da abin da ofishin kuɗi suka ce.

"Na riga na kira kamfanin," in ji Direba. "Za su turo mutum jibi." Ya dubi yayansa, sannan ya dubi ƙasa. "Sun tambaye ni inda take zaune. Na ce a baya."

"A baya?"

"Rage murya, Maman Aku," in ji mijina. "In aka ce a gaba take, sai su ce an karya doka, su ƙi biya. Haka kowa ya ce mana. Magana ɗaya za mu yi duka: a baya take, da hularta, shi ke nan."

"Ita kuma yarinyar?"

Muka dubi juna. Duk mun san wadda muka haifa.

"Ke take ji," in ji Hajiya, ba ta ɗago daga carbi ba. "Ki koya mata."

Na shiga. An miƙar da ƙafar Aku a kan wani ƙarfe, an ɗaura igiya a dugaduganta, igiyar ta bi ta ƙarshen gado tana riƙe da jakar ruwa da ke lilo a hankali. Allurar da aka yi mata ta sa muryarta ta yi ƙasa, amma ba ta kashe ta ba.

"Umma, Baba Ƙarami ya yi kuka. Na gan shi. Babba da shi."

"Saurara, Aku. Jibi wata baƙuwa za ta zo ta tambaye ki inda kike zama a babur."

"A gaba mana. Ni ce mai hon."

"Cewa za ki yi a baya."

"A kan akwati?"

"Babu akwati."

"Umma, akwai akwati. Ja ne. Har da kwaɗo."

"Na sani. Amma za ki ce a baya kike zama, kina riƙe da Baba Ƙarami. Faɗi in ji."

Ta daɗe tana kallona. "Ba ke kika ce in ba a faɗa wa likita gaskiya ba magani ba ya ci ba?"

"Wannan ba likita ba ce."

Ta faɗa. Na sa ta maimaita har sau biyar. A na biyar ba ta kallona, jakar ruwan take kallo.

Da la'asar na jiƙa tawul ina goge mata jiki. Da na ɗaga rigarta sai na tsaya. A ƙasan cibiyarta akwai wani tabo baƙi-baƙi, zagayayye kamar an ɗora kofi an danna, har da ɗan layi a tsakiya. Na san wannan zagayen. Murfin tanki ne, da ramin makullinsa. Na saki rigar da sauri, na juya, sai na ga nas a tsaye a bayana da fayil.

"Mun gani tun da safe," ta ce. "Likita ya duba, cikin lafiya lau. Na rubuta." Ta maƙale fayil ɗin a ƙafar gado ta wuce.

Ranar Talata da rana Hajiya ta karɓe ni, na je gida in yi wanka in ɗebo kaya. Tun daga bakin ƙofa na ji ƙarar ƙarfe. An dawo da babur ɗin daga ofishin 'yan sanda, yana jingine da bango, ƙafar gaba a lanƙwashe, fitila a fashe. Mijina na tsugune yana kwance akwatin, Direba yana miƙa masa sifana da hannu ɗaya. An riga an kankare taurarin Aku da reza, sai ɗan farin danƙo a inda suke.

Suka ɗaga akwatin. A ƙarƙashinsa fatar kujerar baƙa wuluk ce, sabuwa fil, murabba'i guda, sauran kujerar kuwa rana ta ci ta ta koma toka-toka. Ramukan ƙusa huɗu suna kallonmu. Mijina ya ɗebi ƙasa ya shiga goga wa wurin. Ƙasar ta zube, baƙin ya sake fitowa.

"Manaja ta zo duba ma'aikata," in ji Direba. Ya so ya yi dariya, leɓen da ya fashe ya hana shi.

"Ina takardar inshorar?"

"Me za ki yi da ita?"

"Karantawa."

Ya nuna mini aljihun rigar ruwansa. Shafi goma sha ɗaya ce, a cikin leda, ko ninkinta ba a taɓa warwarewa ba. Na zauna a matakalar bene na buɗe. Aikina ke nan kullum: mutum ya sayi magani, ya jefar da 'yar takardar da ke cikin kwali, ni in ɗauka in karanta masa abin da aka rubuta da ƙananan baƙaƙe. Na bi ta layi-layi da farce.

A wuri uku na tsaya. Sashe na bakwai ya ce fasinja sai a kujerar fasinja, da hular kwano, ƙafafunsa suna kai wa mataki. Sashe na tara ya ce in mai babur ya saɓa wannan, kamfani zai biya maganin fasinjan da ya ji rauni, tun da ba shi ke tuƙi ba, amma daga baya kamfani zai bi mai babur ya karɓi duk abin da ya kashe. Sashe na goma sha biyu ya ce in kamfani ya ga alamar an ba shi bayanin ƙarya, zai dakatar da kowane biya har sai an gama bincike.

Na karanta na tara sau uku. Sannan na kira mijina, na karanta masa a hankali.

"Ka ji? Ko a gaba take za su biya. Ba sai mun yi ƙarya ba."

"Za su biya, sannan su juyo kansa." Ya share hannunsa a wando. "Kin ga adadin nan da idonki. Babur za su fara ɗauka, sannan kayan aiki, sannan su bi shi shekara da shekaru. Da me zai je wurin masu firij? Da me zai riƙe Hajiya? Ƙanina ne, Maman Aku. Taimakonmu yake yi, ko kuɗin mai bai taɓa karɓa ba."

"In kuma suka gane?"

"Wa zai gaya musu?"

Na nuna masa kujerar. Bai juya ba.

Direba yana tsaye a inda yake, ya ji komai. Sai juya sifanar yake a hannu.

Da na koma asibiti na tarar mijina ya riga ni da waya. Hajiya ta tashi ta ba ni kujera, ta gyara mayafinta, ta tsaya a kaina.

"An ce kin yi karatu," ta ce a hankali, don kada Aku ta ji. "Madalla. To ki tuna abu ɗaya. Yaron nan ya ce baya, ke kika ce gaba. Ina ɗaki ina jin ku ta taga. Kada ki sa shi ya biya abin da bakinki ya saya."

Gaskiya ta faɗa.

Ranar Laraba da hantsi matar inshora ta zo. Na zaci zan ga mai tsinin takalmi da ɗaurarriyar fuska. Sai ga dattijuwa, gajera, da takalmin roba da tabarau a rataye a wuya, tana ɗan haki saboda bene. Ta gaishe da Hajiya har da rusunawa, ta yi wa Direba sannu da jiki, ta ce daga gidanmu take, ta ga babur. Ba ta ce komai a kansa ba. Ta ja kujera kusa da gado.

"Sannu, 'yan mata. Yaya ƙafa?"

"A baya nake zama," in ji Aku. "Ina riƙe da Baba Ƙarami."

Jakar ruwa tana ta lilonta.

"To," in ji matar. "Ai ban tambaye ki ba tukuna, uwar gaggawa. Ajinku nawa?"

Suka yi hirar makaranta, da malamar da ke da gashi ɗaya a haɓa, da yarinyar da ke cin alli. Aku ta saki jiki. Matar ta ciro awon tela daga jaka, ta ce bari ta ga ko Aku ta kusa kamo ta a tsawo, ta auna lafiyayyar ƙafar daga ƙugu zuwa dunduniya, ta rubuta a ɗan littafi. Na san abin da take aunawa. Daga kujerar baya zuwa mataki akwai nisan da ƙafar Aku ba ta kai ba. Sannan ta ɗauki fayil ɗin da ke ƙafar gado, ta sa tabarau, ta karanta shafi biyu. A shafi na biyu ta ɗan daɗe.

"Babur ɗin nan naku yana da hon mai daɗi?" ta tambaya, tana mayar da fayil.

Fuskar Aku ta haskaka. Bakinta ya buɗe. Sai ta dube ni, ta rufe shi. Babban yatsanta na hagu yana danna bargo, yana saki, yana dannawa. Matar ta ga yatsan. Na ga ta gani.

A baranda ta tara mu. Ta tambayi Direba, ya ce a baya. Ta tambayi mijina, ya ce ai kullum a baya. Ta juyo gare ni.

"Ke ce kike sauko da ita da safe?"

"Ni ce."

"A ina kike ɗora ta?"

Idon Hajiya yana kaina. "A baya."

Ta rubuta. Ta rufe littafin, ta sa roba ta ɗaure shi.

"To, na ji. Bari in gaya muku yadda aikina yake, don kada ku yi ta jira a duhu. Ƙarfe huɗu nake miƙa rahoto. In abin da aka faɗa mini ya yi daidai da abin da na gani, takardar asibiti tana fita a ranar. In bai yi daidai ba, ba na ce wa kowa maƙaryaci, ba aikina ba ne. Rubutawa nake a bincika. Sai a turo wasu."

"Binciken kwana nawa yake ɗauka?" na tambaya.

"Mako shida. Wani lokaci takwas."

"Likita ya ce Juma'a."

"Na gani a fayil," ta ce. Ta yi mana sallama, ta kama ƙarfen bene ta fara sauka, mataki ɗaya-ɗaya.

"Kin gani, ta rubuta," in ji mijina. "Ba ta da hujja. Allah ya rufa asiri."

Na koma ɗaki. Aku ta yi barci, bakinta a buɗe. Na yaye bargon daga ƙafafunta. Ko da igiyar tana ja, dunduniyar dama ba ta kai ta hagu ba, akwai kamar faɗin yatsu biyu a tsakani. Na sa yatsuna a wurin na auna. Na tuna yadda take saukowa bene da gudu tana tsallake matakin ƙarshe, ina yi mata faɗa. Na duba agogon bango. Sha biyu saura.

Na ɗauki flas na ce zan samo ruwan zafi. Hajiya ta bi ni da ido har na sha kwana.

A wurin ajiye motoci na sami matar inshorar, a cikin wata tsohuwar ƙaramar mota, ƙofa a buɗe, ta cire takalmi ɗaya tana murza ƙafa. Ba ta tayar da motar ba. Ban sani ba ko hutawa take, ko jira.

"A gaba take," na ce. "A kan tanki. Wata takwas ke nan."

Ba ta nuna mamaki ba. Ta mayar da takalmin, ta kwance robar littafin.

"Ni na sa shi. Ya ce mini doka ta hana, na ƙi ji. Ta taɓa yin barci a baya ta kusa faɗuwa, shi ya sa. Ki rubuta ni ce. In akwai wanda za a bi, ni za a bi."

"Zan rubuta yadda kika faɗa, kalma-kalma," ta ce. "Amma kada in yaudare ki, 'yata. Takardar da sunansa take, kuma hannunsa ne a kan babur. Shi kamfani ya sani."

"Ba yadda za a yi?"

"Zan rubuta cewa iyali sun gyara bayaninsu da kansu kafin rahoto. Wannan zai hana a kira shi da wani suna. Sauran ba a hannuna yake ba." Ta dube ni ta saman tabarau. "Kin san abin da zai biyo baya?"

"Na karanta sashe na tara."

"Ke ce ta farko a wannan watan da ta karanta." Ta juyo mini da littafin. "Sa hannu a nan."

Na sa.

Na hau sama da flas ɗin babu ruwa. Ban so su ji a bakin kowa ba. Suna nan a benci yadda na bar su. Na tsaya a gaban Direba.

"Na gaya mata."

Mijina ya miƙe tsaye. "Kin gaya mata me?"

"Komai. Har da cewa ni na sa."

Ya ɗaga hannu kamar zai yi magana, ya sauke, ya juya ya bi baranda har ƙarshe, ya tsaya yana kallon waje. Hajiya ta tattara carbinta a tafin hannu ta rufe.

"Jikata ce ita ma," ta ce. "Kin ɗauka ba na sonta ne? Da kin bari, da Allah ya kawo wata hanya. Amma ke ba kya bari. Ba ki taɓa bari ba."

Direba bai tashi ba. Ya daɗe yana kallon hannunsa da ke rataye.

"Za a yi mata aikin?" ya tambaya.

"In takarda ta fito yau."

Ya gyaɗa kai. "To." Can ya ƙara, murya ƙasa-ƙasa, "Manaja ta sallami direbanta ke nan." Ba wanda ya yi dariya, har shi.

Ƙarfe huɗu da minti ashirin ma'aikacin ofishin kuɗi ya aiko a kira ni. Takarda ta iso. Ranar Alhamis da sassafe aka tura gadon Aku ta wata ƙofa mai murfi biyu, tana gaya wa mai turawar cewa ya cika gudu. Awa uku na yi a tsaye. Mijina yana wancan gefen baranda, Direba yana bakin bene. Da likita ya fito ya ce ƙashi ya zauna daidai, kowannenmu ya yi hamdala shi kaɗai.

Mako biyar bayan haka wasiƙar farko ta zo, da sunan Direba. Ban ga abin da ke ciki ba, ba a nuna mini ba. Na dai ji Hajiya ta rufe tagarta, wadda ba ta taɓa rufewa da rana ba. Bayan mako biyu wasu mutum biyu suka zo da motar kaya, suka ɗora babur ɗin, suka ba Direba takarda ya sa hannu. Ya roƙe su suka bar masa jan akwatin. Sun ce akwatin ma na ɗan lokaci ne suka bar masa.

Na sauka na same shi da abin da na tara na albashi a ambulan. Ya mayar mini da hannu biyu.

"Ki saya wa Aku madara, matar Yaya."

Tun ranar bai sake ce mini Manaja ba. Yana gaishe ni da ladabi, yana matsa mini hanya a bene kamar baƙuwa. Mijina yana cin abincina, yana amsa abin da na tambaya, da yamma kuma a ƙasa yake zama wurin uwarsa. Wani lokaci ina jin muryoyinsu ta cikin daɓe, in na taka da ƙarfi sai su yi shiru. Jiya wasiƙa ta uku ta zo. Ni na tsince ta a bakin ƙofa, ta fi na baya kauri. Na tura ta ƙarƙashin ƙofar Hajiya, na ji an ja ta daga ciki.

Kullum da safe kafin in tafi kanti nakan kwantar da Aku a kan tabarma, in miƙe ƙafafunta, in haɗa dugaduganta a tafin hannuna. Daidai suke. Nakan sake aunawa da awon tela, ko da na gani.

Yau da na gama ta ja sandunanta ta je taga. A ƙasa Direba ya fito da jan akwatin a kafaɗar da ba ta goce ba, ya karkace saboda nauyi, zai taka zuwa tashar bas. Ya bi ta gefen baƙin tabon mai da babur ya bari a siminti.

"Baba Ƙarami!" ta ƙwala masa kira. "Pi-pip!"

Ya ɗago, ya yi mata murmushi, ya ɗaga yatsa ya danna iska. Sai idonsa ya faɗa kaina a bayanta. Ya gyara akwatin, ya fita, ya ja ƙofar gida a hankali har ta rufu.